Shekara biyu kenan rabona da burodi

Ni dai tun tasowata ban san wani karin kumallo ba in ba shayi da burodi ba. Haka muka tashi a gidanmu nan Kano, in an samu canji to ranar hutu ce a aiki yaro Jakara ya siyo gurasa, a yi bandashe a barbaɗa ƙuli da yaji a zuba man gyaɗa a yanka albasa, mu zagaye tire mu cinye tas. Da rana taliya da manja ko taliya da wake, da dare in an gaji a dafa indomi da ƙwai kowa ya kwanta. To wanda ya tashi a haka ta ina zai kawo wa ransa cewa abin nan da yake ci safe da rana shi ne yake cinye masa hanji? Wallahi ko a mafarki ban taɓa kawowa ba.

Abin ya fara matsa min ne bayan haihuwata ta biyu. Da farko kumburin ciki ne, in na ci abinci cikina ya tashi ya yi tauri kamar mai cikin wata biyar, har a makarantar da nake koyarwa wata malama ta ja ni gefe tana min barka. Daga nan sai gudawa, ba irin ta kwana biyu ba, wata da watanni, bayan gida mai maiƙo mai wari wanda ruwa ma ba ya tafiya da shi da sauƙi (ku yi haƙuri da wannan bayanin, amma wani ta nan zai gane nasa). Bakina kullum da ƙuraje, gashina yana bin mataji, ga gajiyar da ban san yadda zan kwatanta ta ba, in na hau bene zuwa aji sai na tsaya a tsakiya na dafa bango ina haki. Awarwarona da suke tsayawa a wuyan hannu suka koma zamewa har kusan gwiwar hannu. Na yi ɓari sau biyu a tsakanin nan, kuma wannan har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji.

Magani kuwa ba irin wanda ban sha ba. An ce olsa, na sha na olsa. An ce taifod, an min allurai an ƙara min ruwa, bayan wata biyu a sake cewa taifod ɗin ce ta dawo. An ce basir, an ce shawara, an ce tsutsar ciki. Jinina kullum a ƙasa yake, maganin ƙarin jini kam na sha kwalba ta fi a ƙirga, zogale da alayyahu da hanta ba wanda ba a ɗura min ba amma kamar ana zuba ruwa a kwando. Da ramar ta yi yawa sai na fara lura da yadda ake kallona a gidan suna, mutane su yi shiru in na shigo, na san abin da ake raɗawa, wai ko ciwon zamani ne. Sau uku ina yin wannan gwajin, sau uku ba komai, an duba tarin fuka shi ma babu. Ummanmu ta sa aka yi min rubutu da sauka, surukata Hajiya ta aiko da jiƙe-jiƙe kala-kala. Har akwai wadda ta ce in bar tuwon masara in koma tuwon alkama don shi ne abincin marasa lafiya, na koma kuwa, wata guda ina ci dare da rana, ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago.

Wata abokiyar aikina ce ta fara cewa in gwada barin kayan fulawa in gani, ita a tunaninta yis ɗin burodi ne yake kumbura ni. Na bari na sati uku, sai na ji kamar an sauke min wani dutse daga ciki, gudawar ta ragu sosai. A daidai lokacin ne ranar ganin likitan ciki da hanji ta zo, wadda muka yi wata biyu muna jira a asibitin koyarwa. Likitar mace ce, ba ta yi saurin ɗaukar biro ba, ta ce min "Malama faɗa min abin da kike ci tun daga safe har ki kwanta, kar ki tsallake komai." Na zayyana mata, na kuma gaya mata zancen sati ukun nan. Sai ta ajiye biron tace akwai wani ciwo da take zargi, sunansa siliyak, ba a cika nemansa a nan ba don an ɗauka na Turawa ne, amma tana so a duba.

Abin da ta faɗa bayan nan shi ya kusa sa ni kuka a gabanta. Wai sai na koma cin burodin, yanka biyu kullum har sati shida, kafin a ɗebi jinin. Nace Dakta yanzu fa na fara jin daɗin jikina. Tace ta sani, amma gwajin yana neman wasu sojojin jiki ne da jini yake fitarwa in yana faɗa da alkamar, in kin daina ci sai su lafa, gwaji ya fito ba komai alhali ciwon yana nan, shikenan a sake komawa zancen olsa. Don haka duk mai zargin yana da wannan abu, don Allah kar ya daina cin alkama kafin a gwada shi, ni na yi wannan kuskuren kuma na biya da sati shida na azaba. Ina cin burodin nan ina kallonsa, na san abin da zai biyo baya, maigida yana zaune gefe yana cewa "daure ki ƙarasa, saura kwana kaza."

Gwajin jinin ana ce masa tTG-IgA, aka haɗa da wani na auna IgA ɗin gaba ɗaya, wato irin sojojin jikin nan, don akwai waɗanda jikinsu ba ya yin shi da yawa, su nasu sai ya ɓoye. A wani ɗakin gwaji mai zaman kansa aka ɗiba suka tura Legas, kuɗin ya kusa cinye rabin albashina, muka jira kwana goma sha. Da ya dawo lambar ta haura sosai. Likita tace to saura mataki ɗaya, a zura kyamara a ga hanjin da ido a kuma gutsuro ɗan nama a auna, endoskofi kenan, kuma har ranar kar in daina cin burodin.

Ranar ban ci komai ba tun tsakar dare. Aka sa ni na kwanta ta gefen hagu, aka fesa min wani abu mai ɗaci a maƙogwaro har na ji ya mutu, aka sa min wata roba mai huda a baki in cija. Wayar ta kai kaurin ɗan yatsa, baƙa, da haske a bakinta. Lokacin da za ta wuce maƙogwaro ne kaɗai na ji kamar zan amayar da hanjina, hawaye na zuba, wata nas ta riƙe min hannu tana cewa "ja numfashi ta hanci Anti, an kusa, an kusa", Allah Ya saka wa yarinyar nan da alheri ko sunanta ban sani ba. Gutsurar naman ban ma ji ta ba. Gaba ɗaya abin bai fi minti goma ba, tsoron da na kwana da shi ya fi aikin yawa nesa ba kusa ba.

Sati biyu da wani abu sakamako ya fito. Ta ɗauko takarda ta zana min. Tace cikin ƙaramin hanji ba sumul yake ba, yana da wasu 'yan tsiro-tsiro ƙanana birjik kamar gashin tawul, su ne suke tsotse amfanin abinci su kai jini. A cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake ce wa rai (rye) akwai wani sinadari, gulutin, shi ne yake sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo yana ja. Mai siliyak in ya ci shi sai garkuwar jikinsa ta juya ta afka wa hanjinsa, tsiro-tsiron nan su kwanta su goge kamar tsohon tawul da ya sha wanki. Shi ya sa kike ci ba ya kama ki, shi ya sa maganin ƙarin jini yake wucewa kawai. Na tambaye ta maganinsa, tace ba ƙwaya ba allura, maganinsa ɗaya ne, ki bar gulutin har ƙarshen rayuwa. Nace har abada Dakta? Tace har abada, amma hanjin zai warke in kin kiyaye, sai dai ga babba yana iya ɗaukar shekara ɗaya zuwa biyu ko ma fiye.

Daren nan ban yi barci ba, na yi ta karance-karance a waya. A nan na ga cewa a duniya kusan mutum 1 cikin 100 yana da shi kuma yawancinsu ba su ma sani ba. Na karanta labarin wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, wanda ya lura a lokacin yunwar 1944 zuwa 1945 da burodi ya yi wuya yaran da suke fama da wannan ciwon sun samu sauƙi, da burodi ya dawo ciwonsu ya dawo, har ya rubuta bincikensa a kai a 1950. Amma abin da ya fi tsaya min shi ne na yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, wani bincike na 1999 ya samu sama da kashi 5 cikin 100 nasu suna da shi, yana cikin mafi yawa da aka taɓa gani a duniya, kuma nan Afirka ne. To ina zancen ciwon Turawa? Ni a ganina rashin dubawa ne kawai yake sa muke cewa babu shi a cikinmu, ga shi kuma cin fulawa sai ƙaruwa yake a gidajenmu.

Washegari na shiga kicin da buhu. Fulawa, taliya, makaroni, indomi, kuskus, biskit ɗin yara, duk na ware su gefe guda. Semo ne ya ba ni mamaki, wallahi ni duk zamana na ɗauka daga masara ko shinkafa ake yin sa, ashe alkama ce zalla. Sai na zauna a kan turmi na fara lissafin abin da ya rage min, ina tsammanin ba komai, sai na ga ashe abincinmu na asali kusan duk nawa ne. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya, dankali, gwaza, wake, gyaɗa, riɗi, aya, ba ɗaya mai gulutin. Tuwon dawa miyar kuka da daddawa da man shanu, fura, ƙosai da koko, alale, dambun shinkafa da zogale, burabusko, sinasir, faten tsaki, kwaɗon rama. Abin da kakata ta rayu a kai kenan har ta tsufa da haƙoranta. Na ji sanyi a raina ranar, nace ai abin da sauƙi.

Ashe da sauran rina a kaba. Wata uku ina kiyayewa iya ƙoƙarina, na samu sauƙi kam ba laifi, amma duk bayan 'yan kwanaki sai cikin ya sake murɗawa, kumburin ya dawo. Na koma wajen likita raina a ɓace nace ko dai ba shi ba ne. Tace akwai inda yake shigo miki, ki koma ki bi abincinki tun daga kasuwa har faranti. Ta gaya min ƙa'idar da duniya take bi kafin a ce abinci ba gulutin, kar ya wuce miligiram 20 a cikin kilo guda na abinci, wato ɗan ɓurɓushin burodin da ya maƙale a wuƙa ya isa ya tayar da faɗan a hanjin wasu.

Ranar wata Asabar maimakon in aiki almajirinmu niƙa kamar kullum sai na sa hijabi na bi shi da kaina. Muka samu layin robobi da kwanuka a ƙofar mai inji. Ina tsaye ina kallo aka juye alkamar wata mata, kwano biyu, ya niƙa ya juye mata, ko kakkaɓe injin bai yi ba ya ɗauki robar masarata zai zuba. Na leƙa bakin injin, fari fat, garin alkama ya kwanta a kowane lungu, a jikin buhun da aka ɗaura a bakin da gari yake fitowa, a hannunsa, a gashin idonsa, har iskar ɗakin ma gari ce. Nace "Malam dakata don Allah." Ya ɗago yana mamaki. Na yi masa bayani a taƙaice, ya saurare ni tsakani da Allah, yace "Hajiya ni ban taɓa jin wannan ba, amma in kina so ki riƙa zuwa da sassafe in fara da naki." Na yi masa godiya, amma na san ko da sassafen ne na jiya yana ciki, injin nan ba wanke shi ake yi ba. Na ɗauki masarata na dawo da ita gida ba a niƙa ba. Wata ukun nan kaf tuwon da nake ci ina ganin na tsira, da alkamar maƙwabta a cikinsa.

Sai da muka koma turmi na ɗan lokaci, ina biyan wasu mata biyu suna min surfe da daka a tsakar gidana da turmina, kafin maigida ya haɗa kuɗi ya siyo min ƙaramin injin niƙa na gida wanda ba abin da yake shiga cikinsa sai hatsina. In wuta ta zo ko ƙarfe biyun dare ne tashi nake in niƙa na sati. Hatsin ma yanzu a Dawanau muke siyowa da ɗan yawa, in baza a tire in tsince, don sau da yawa za ka ga ƙwayar alkama ɗaya biyu a cikin gero ko dawa saboda buhu ɗaya da mudu ɗaya ake amfani da su. Na canza rariya, na canza muciya da ludayin katako da katakon yanka, duk abin da yake da huda ko tsaga da gari zai iya maƙalewa. Nawa na ɗaura musu jan zare. Yara suna cin burodinsu amma a waje ɗaya, a kan tire ɗaya, da wuƙarsu da robar botarsu daban, kuma fulawa dai na hana a kwaɓa ta a kicin ɗina sam, don tashi take a iska ta sauka a kan komai.

Daga nan kan mage ya waye, na fara ganin alkama a inda ban taɓa zato ba. Ɗan wake, wanda asalinsa garin wake ne da na rogo da kuka da kanwa, yanzu na talla da yawa fulawa ce ta fi yawa a ciki. Wasu masu waina suna zuba fulawa a ƙullu don ta yi laushi. Kunun gyaɗa wasu da fulawa suke ɗaure shi. Tuwon shinkafa na gidan abinci wani lokaci da semo ake ɗaure shi. Mai suyar kifi yana barbaɗa fulawa kar ya kama kasko. Mai ƙosai a man da ta soya fanke take soya ƙosan. Mai tsire kuwa a faranti ɗaya yake yanka gurasa da nama, da wuƙa ɗaya, ya naɗe a takarda ɗaya. Ɗunkulen miya ma wasu akwai garin alkama a ciki wasu babu, dole sai ka juya kwalin ka karanta, haka lemon malt da kayan shayi na gari, duk inda na ga an rubuta wheat (alkama) ko barley (sha'ir) ko rye ko malt ɗin sha'ir sai in mayar in ajiye. Hatsin nan na Turawa da ake ce wa ots (oats) shi a karan kansa yawanci ba matsala, amma tare da alkama ake sarrafa shi a wurare da yawa, don haka na haƙura da shi. Akwai wata baiwar Allah da ta kawo min garin talbina har gida da kyakkyawar niyya, na karɓa na yi mata godiya sosai, amma na sha'ir ne, na ba Ummanmu. Zuma da habbatus sauda dai ina sha abina, ba gulutin a cikinsu.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan mutane. Mu a al'adarmu a kawo maka abinci ka ƙi ci ba ƙaramin abu ba ne, balle a gidan surukai. Zuwana na farko gaida Hajiya bayan an gano ciwon, ta sa aka yi min funkaso da miyar taushe musamman saboda ta san ina so, ta ajiye a gabana da hannunta. Na durƙusa nace "Hajiya ku yi haƙuri ku gafarce ni, likita ta hana ni duk abin da aka yi da alkama." Ta dube ni ta ce "ikon Allah, alkamar da ake ba marasa lafiya? Ke 'yar nan ci guda ɗaya, ɗaya me zai miki, ki yi bismillah kawai." Ɗakin cike da mutane, facalolina suna kallo. Na ci rabi. Kwana huɗu ina kwance, na rasa aiki, kuma abin da ya fi ciwon cin raina shi ne na san hanjin da na yi wata da watanni ina lallaɓawa na sake tayar masa da faɗa da hannuna saboda kunya. Tun daga ranar na yi wa kaina alƙawari ba zan ƙara ba ko a gaban waye. Maigida ne ya je ya zauna da ita ya nuna mata takardun asibiti. Har yau ba zan ce ta gamsu ɗari bisa ɗari ba, wani lokacin ina jiyo ta tana ce wa baƙi "wai alkama ce ba ta so", amma dai ta daina matsa min, in na je ta sa a dafa min ƙwai da dankali da ɓawonsu.

Wannan kalma ta "ɗan kaɗan ai ba komai" na ji ta ya fi sau ɗari. Wasu suna ganin iyayi ne ko gayu, wai na koyi cin abincin Turawa ko ina son rage ƙiba, ni da nake neman in ƙara ko kilo ɗaya. Abin yana min ciwo sosai, don ba wanda zai ce wa mai ciwon suga ya sha ɗan kaɗan don a ji daɗi. Kuma ko da mutum bai ji komai a jikinsa ba bayan ya ci, ɓarnar tana faruwa a ciki, ita ce take kai wa ga ƙarancin jini da raunin ƙashi da matsalar haihuwa.

Bikin ƙanwata ma haka na yi shi. Da ni aka yi hidimar gara tun daga farko, ana tuyar cincin da dubulan da alkaki kwana uku gidan yana ƙamshi, ni ina can ɗakin baya ina lissafin kaya don ko tsakar gidan ban so in zauna ba saboda fulawar da take tashi. Alkaki ne abin da na fi so a duniya, ban ɓoye ba na shiga bayi na yi kukana na wanke fuska na fito. Nakiya ce kaɗai tawa tunda ta shinkafa ce, ita ma sai da na sa Goggo ta yi min tawa daban da garin da na niƙa a gida. Yanzu duk taron da zan je sai na ci na ƙoshi tukunna, kuma jakata ba ta rabuwa da gyaɗa soyayya da dabino da ayaba. Tafiya mai nisa kuwa da kulata nake yi.

Azumi ya zo min da sauƙi fiye da yadda na zata, kunun tsamiya da ƙosan gida da dankali da ƙwai, sahur tuwo ko shinkafa. Abincin da maƙwabta suke aikowa ne dai yara suke cinyewa, ni in mayar da kwano da nawa a ciki. Kayan da ake shigowa da su daga waje masu tambarin zangarniyar alkama da aka ja wa layi na gan su a wani babban kanti, taliya ƙulli ɗaya kuɗinta ya isa cefanen kwana biyu, sau ɗaya na siya don kwaɗayi ban ƙara ba. Na fi ganewa acca ta Jos, in yi faten ta ko in turara ta kamar kuskus, sannan na koyi yin wani abu kamar fanke da garin shinkafa da ayaba, na farko ya watse a mai, na biyu ya yi tauri, sai a na biyar ya fara kama hanya. Burodi dai har yau ban samu wanda ya maye min gurbinsa ba, in na wuce gidan burodi da asuba ana fitowa da shi da zafinsa sai na kau da kai.

Madara ma da farko ba ta zauna min ba, ko fura sai da na riƙa damawa da ruwa, likita tace hakan yana faruwa in hanjin ya goge kuma yakan dawo daidai, haka kuwa aka yi, wajen wata takwas na koma shan nono lafiya lau. Ta ɗora ni a kan maganin ƙarin jini da folik asid da kalsiyam da bitamin D, a wannan karon suka kama. An maimaita gwajin jinin a wata shida lambar ta sauko, a shekara guda ta kusa daidai. Na ƙara kilo tara. Ina hawa benen makaranta ina magana da ɗalibai ban ma san na iso ba, Alhamdulillah.

Da yake abin yana bin jini, likita tace 'yan uwa na kusa, iyaye da 'ya'ya da waɗanda kuke ciki ɗaya, kusan 1 cikin 10 yana iya samunsa, don haka a gwada su ko ba sa jin komai. An gwada yarana biyu ba su da shi a yanzu, amma tace a sa ido, yana iya fitowa daga baya. Wanda yake damuna shi ne ƙanina. Shekarunsa ashirin da bakwai, siriri kamar sanda, kullum da maganin olsa a aljihu, kullum bakinsa da ƙuraje, sak yadda na fara. Na zaunar da shi ya fi sau biyar, yace "Yaya ni fa in aka ce in bar shayi da burodi da indomin mai shayi me zan ci a kasuwa, a bar ni a haka kawai." Na tura masa kuɗin gwajin tun kafin babbar sallah, na rubuta masa sunan gwajin da inda zai je. Jiya na kira shi yace in sha Allahu sati mai zuwa, haka ya ce min wancan watan ma. Ranar Litinin ba ni da darasi da safe, na riga na gaya wa maigida da mota zan fita, shagonsa zan je in ɗauko shi.